Tukunyar Makaranta da Yaron da Bai Kawo Komai Ba

A shekara ta 2005 gwamnatin Shugaba Kufuor ta fara shirin ciyar da 'yan firamare a ƙasar Ghana. An soma da makarantu goma, ɗaya a kowane yanki na wancan lokaci, daga baya shirin ya kai har gundumomin Salaga da Yendi da Bawku. Abin godiya ne, gama yaro mai yunwa ba ya jin karatu. Amma akwai tambayar da ta rage: yaron da ake zuba wa abinci kullum, bai ga wahalar dafuwa ba, bai ga yadda ake rabo ba, me ya koya daga wannan ƙwarya?

Masara kanta malama ce. Daga ƙasashen Amurka ta fito, ta iso gabar Afirka ta yamma a zamanin jiragen Turawan Fotugal, yau kuwa ita ce tuwon zafi da koko da dokunu. Yaron da aka sa ya auna mudu ya ƙidaya bakunan da za su ci, lissafi yake yi. Wanda ya jiƙa masara kwana biyu ko uku, ya ga ta yi tsami kafin a kai ta inji a tace, ya koyi haƙuri ba da bulala ba. Zai kuma ji dalilin da ya sa ake zubar da ƙwayar da ta yi fumfuna, domin tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, da dalilin haɗa koko da ƙosai, gama masara ita kaɗai ba ta gina jiki sai da wake ko gyaɗa.

Waɗansu iyaye za su ce ba girki suka aiki 'ya'yansu yi ba. Suna da hujja, musamman inda aka bar wa 'yan mata ɗiban ruwa da hura wuta, maza suna aji. Wannan ba koyarwa ba ce, bauta ce ƙarama, mutanen Salaga kuwa sun san sunan bauta tun zamanin kasuwarsu. In za a yi, sai namiji ma ya riƙe muciya.

Wurin rabo ne maganar ta fi nauyi. A shekara ta 2023 matan da ke dafa abincin makarantu sun ajiye aiki, domin kuɗin kowane yaro bai wuce sidi ɗaya a rana ba, kuma ba a biya a kan lokaci. A irin wannan hali malami yakan ce kowane yaro ya zo da ɗan hatsi daga gida. To, a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma sabuwar masara ba ta nuna ba, ɗan gwauruwa zai zo hannu wofi. Ya ci ko kada ya ci?

Akwai masu jawo maganar Manzo Bulus ga Tasalonikawa game da cin abinci da aiki. Bulus kuwa da masu ƙin aiki yake, ba da marasa abin hannu ba. Yaron nan zai iya tsince tsakuwa, ya wanke ƙwarya, ya ci daidai da kowa. Abin da ba daidai ba shi ne a kira sunansa a gaban aji, ko a rage masa ludayi, gama sauran yara suna kallo, kuma ba za su manta ba.

Yendi da Salaga sun ga yaƙin 1994, Bawku ta daɗe cikin rigimar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi. Ƙwaryar tuwo ba za ta sasanta sarakuna ba, kada kowa ya ruɗi kansa. Amma malami yana da ikon ya ba ɗan Kusasi mara ranar Litinin, ya ba ɗan Mamprusi ranar Talata, mai rabo kuwa ya ɗauki nasa a ƙarshe.