Tsakanin Samuwa da Rashi

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna wahalar da ma'abota hankali, da wuya a sami wadda ta kai wannan zurfi: don me aka sami wani abu, alhali kuwa rashi ba ya bukatar sababi? Leibniz, masanin falsafa na Jamus, ya yi wannan tambaya a shekarar 1714, amma ƙarnuka kafin shi malaman Musulunci sun yi mata bahasi mai gamsarwa.

Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kasa samammu gida biyu: wajibi, wanda samuwarsa daga zatinsa take, da mumkini, wanda samuwarsa da rashinsa daidai suke. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya buɗe Ummul Barahin, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato, da hukunce-hukuncen hankali uku: wajibi da mustahili da ja'izi, wato mumkini.

To, idan mutum ya dubi kansa, ya dubi sammai da ƙassai, zai tarar dukkansu ja'izai ne, domin hankali yana iya sawwala rashinsu ba tare da ya warware kansa ba. Abin da kuwa ɓangarorinsa biyu suka daidaita, ɗayansu ba ya rinjaya sai da mai rinjayarwa, rashi kuma ba shi da abin da zai bayar. In an ce wannan daga wancan ya samu, wancan kuma daga na gabansa, har ba iyaka, an faɗa cikin tasalsuli, tamkar riga ce da kowa ya ce aro ya yi, alhali aro ba ya tabbata sai da mai kaya.

Haƙiƙa Imamu Gazali, a cikin Tahafutul Falasifa, ya yi wa Ibnu Sina raddi mai tsanani game da cewa duniya ba ta da farko. Duk da haka sun haɗu a kan cewa duniya ba ta tsaya da kanta ba, Allah ne ya tsayar da ita, kuma da zai janye taimakonsa daidai da ƙiftawar ido, da ta koma rashi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kada ka ɗauki samuwarka mallakinka. Baiwa ce da ba ka roƙa ba, hakkinta kuwa shi ne godiya da tawali'u.