Kada ka ce "yi haƙuri" ka tashi

Ɗana, in ka ga ƙaninka ya daina hira, kwanon tuwonsa na dawowa kamar yadda aka kai masa, barci ya ƙaurace wa idonsa, kada ka sallame shi da "yi haƙuri, kowa da tasa". Maganar gaskiya ce, amma mai ciwon damuwa ya sha jin ta har ta gundure shi. Wanda zai zauna ya saurare shi ne bai samu ba.

A 2006, a unguwar Mbare da ke Harare, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya ga cewa irinsa ba su kai 20 ba a duk faɗin Zimbabuwe. Sai ya nemi tsofaffin matan da ke aikin wayar da kai a asibitocin unguwa, aka horar da su, aka ajiye musu bencin katako a harabar asibiti.

Dubi yadda kaka take yi, don a nan darasin yake. Ba ta wa'azi, ba ta katse mutum. Takan bar shi ya zazzage abin da ke cikinsa kaf: bashi, miji mai duka, cutar ƙanjamau, kuɗin makarantar yara. Sannan ta tambaye shi wanne za a fara taɓawa. Shi zai zaɓa, shi zai kawo dabarun, su tsayar da abu ɗaya da zai yi kafin zama na gaba. Zama 6 ake yi. Daga baya ya shiga cikin waɗanda suka sha irin wahalarsa, suna hira suna saƙa jaka da tsofaffin ledoji.

An gwada hanyar a kan mutum 573 a asibitoci 24, mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon a 2016. Bayan wata 6, kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon, alhali a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, kusan rabi ne. Wannan tazara ba ƙarama ba ce, ɗana, kuma ina so ta hana ka raina zaman rabin sa'a a kan tabarma.

Amma ka san iyakarka, kamar yadda kakannin suka san tasu, suna miƙa wanda abin ya tsananta ga ma'aikatan jinya. In ya ce ya gaji da rayuwa, kada ka tsawata masa, kada kuma ka bar shi shi kaɗai. Ka kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera daga gidan. Ku yi addu'a, sannan ka kama hannunsa ku tafi asibiti a ranar, ko Dawanau ne, ko Kware, ko Barnawa, wanda duk ya fi kusa da ku.