Wa Zai Biya Diyyar Murjani?

Murjanin da na fara sani shi ne na wuyan amare, ja sumul, wanda iyaye mata suke ɓoyewa a ƙasan adaka. Sai da na girma na gane cewa murjani halitta ce mai rai, kuma wasu danginsa a tekuna masu ɗumi sukan gina ganuwar dutse a ƙarƙashin ruwa, ƙarni bayan ƙarni. Idan ganuwar nan tana da lafiya, takan karya har kashi 97 cikin ɗari na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Mazauna bakin teku suna barci ne a bayan ginin da ba su ɗora masa ko tubali ɗaya ba.

A shekarar 2019 gwamnatin jihar Quintana Roo ta ƙasar Meziko, inda birnin Kankun yake, ta sayi inshora domin murjanin gaɓarta mai tsawon kimanin kilomita 160. Ƙungiyar The Nature Conservancy da kamfanin Swiss Re ne suka taimaka wajen tsara ta. Sharaɗin shi ne, idan gudun iska ya kai kusan kilomita 185 a sa'a a cikin yankin da aka shata, za a biya kuɗi ba tare da jiran mai ƙiyasta ɓarna ba, domin reshen murjanin da ya karye ba ya daɗewa yana birgima cikin yashi kafin ya mutu. A watan Oktoba na 2020 guguwar Delta ta sauka a yankin, aka biya kimanin dala dubu 800 don aikin gyara. Masu nutso na garin Puerto Morelos suka riƙa tsinto ɓaraguzan suna manna su da siminti.

Da na fara jin labarin, raina bai kwanta ba. Inshora a sanina ta mai dukiya ce: mota, kanti, gida. Murjani kuwa ba mallakar kowa ba ne. Wa ya ba mu ikon yanka masa farashi? Na ji tsoron kada ranar da muka rubuta masa adadi a takarda ta zama ranar da muka yarda cewa asararsa abu ne da kuɗi yake share hawayensa.

Daga baya na sassauta. Kuɗin da aka biya ba farashin murjani ba ne, ladan aikin masu gyara ne, da man kwale-kwale, da iskar da mai nutso yake shaƙa. Wanda ya tanadi kuɗin magani bai ce ran ɗansa ya kai naira kaza ba. Abin da kowa yake amfana da shi, kowa yakan bar wa wani kula da shi, kuma takardar nan ta tilasta wa wasu su ɗauki nauyin tun kafin ruwa ya ci gari. Wannan ya fi kama da riƙon amana.

Sai dai akwai abu biyu da har yanzu suke ci mini tuwo a ƙwarya. Na farko, an fara wannan tsari ne a gaɓar da manyan otal-otal suka jeru, inda yashin bakin teku yake haifar da dala. Ƙauyen masunta da murjaninsa yake ciyar da gidaje, amma babu baƙo mai yawon buɗe ido da yake zuwa, da me zai biya kuɗin shekara? Idan kariya za ta bi sawun arziki, talaka ne zai fara shan igiya.

Na biyu ya fi nauyi. Takardar tana jin ƙarar guguwa, ba ta jin ɗumin ruwa. Idan teku ta yi zafi fiye da kima, murjani yakan kori ƙananan halittun da suke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi a hankali. Haka ya faru a tekun Karibiyan a 2023. Babu iskar da ta kaɗa, don haka sharaɗin biya bai cika ba. Hayaƙin da yake ɗumama tekun kuwa, mafi yawansa daga ƙasashe masu nisa ya taso, kuma babu sa hannunsu a takardar. Mai nutso zai iya manna reshen da ya karye, amma wanda ya yi fari yana nan a tsaye, ko tsagewa bai yi ba, babu inda zai shafa masa siminti.