Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya

Kowa ya san halin mai awon da ta ke riƙe da mudu biyu, babba domin saye, ƙarami domin sayarwa. Ran da asirinta ya tonu ba mai tsaya mata, ko da 'yar'uwarta ce, gama kowa ya sani wannan sata ce. Amma akwai waɗansu mudu biyu da mutanen kirki su kan riƙe ba kunya, har su na ɗauka aminci ne su ke yi. Watau mudun da mu ke auna laifin jam'iyyarmu da shi, da wanda mu ke auna laifin jam'iyyar da ba tamu ba. To, tambayar da za mu duba ita ce: ko daidai ne mutum ya rufe laifin nasa domin kada abokan hamayya su sami abin faɗa? Za mu ɗauki misali daga ƙasar Amurka, gama a can gardamar nan ta yi zafi ƙwarai, kuma labarinta a rubuce ya ke.

Manyan jam'iyyun Amurka biyu ne, Dimokurat da Ripablikan. Cikin abubuwan da su ke raba su akwai guda uku: zaɓe, da bindiga, da aikin 'yan sanda. Tun shekara ta 1791 tsarin mulkin ƙasar ya ba mutane ikon riƙe makamai. Yawancin 'yan Ripablikan su na tsaron wannan iko, su na cewa da shi ne mutum ya ke kāre gidansa. Yawancin 'yan Dimokurat kuwa su na so a tsananta dokar sayen bindiga. A shekara ta 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a ƙasar, fiye da rabinsu kuwa su ne su ka kashe kansu. 'Yan sanda kuma su kan harbe mutum wajen 1,000 har lahira kowace shekara. Ashe, maganar ta rayukan mutane ce, ba wasa ba.

Gardama a kan waɗannan abubuwa ba laifi ba ce. Mutum biyu masu tsoron zub da jini su na iya saɓa wa juna a kan dokar da ta fi hana shi. Laifin ya na wani wuri dabam, bari mu gan shi.

A ranar 25 ga Mayu, 2020, a birnin Miniyapolis, wani ɗan sanda mai suna Derek Chauvin ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa fiye da minti 9, har ya mutu. Mutane su ka fito zanga-zanga ko'ina. Yawancinsu cikin lumana su ka yi, amma a waɗansu birane an ƙone kantuna, an kwashe dukiya, har an ƙone wani ofishin 'yan sanda a Miniyapolis. A lokacin nan 'yan Ripablikan da yawa su ka ce dole a girmama 'yan sanda, a hukunta masu tarzoma. Waɗansu 'yan Dimokurat kuwa su ka yi ta nauyin baki wajen tsauta wa masu ƙone-ƙone, domin sun ga fushinsu ya na da dalili.

Ba a cika wata takwas ba sai abin ya juya. A ranar 6 ga Janairu, 2021, taron magoya bayan Donald Trump su ka fasa ginin majalisa a Washinton domin su hana a tabbatar da zaɓen Joe Biden, su ka yi wa 'yan sanda wajen 140 rauni. Sai ga waɗansu da su ke yabon 'yan sanda jiya su na neman hujja ga waɗanda su ka buge su yau. Waɗansu kuma da su ke zagin 'yan sanda jiya su na kiransu jarumawa yau. Dutsen da a ka jefi ɗan sanda da shi bai sāke nauyi ba tsakanin Mayu da Janairu. Hannun da ya jefa ne kaɗai ya sāke.

Haka ya ke wajen afuwa. A watan Yuni, 2024, kotu ta sami Hunter Biden, ɗan shugaban ƙasa, da laifin yin ƙarya a takardar sayen bindiga. Ubansa ya riga ya ce ba zai yi masa afuwa ba, amma a watan Disamba ya yi, ga shi kuwa jam'iyyarsa ce ta ke kukan a tsananta dokar bindiga. A ranar 20 ga Janairu, 2025, Trump ya koma kan mulki, ran nan kuwa ya yi afuwa ga mutum wajen 1,500 na cikin taron 6 ga Janairu, har da waɗanda su ka bugi 'yan sanda, ga shi kuwa jam'iyyarsa ce ta ke kiran kanta mai tsaron doka. Kowane sashi ya ɗaga murya a kan afuwar ɗayan, ya sassauta murya a kan tasa. Gaskiyar masu iya magana da su ka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani zai ce, "Ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In na fallasa nawa, na ba abokin gaba makami." Kada mu yi saurin raina wannan magana, gama akwai gaskiya a cikinta. Aminci abu ne mai kyau. Mutumin da ba ya tsayawa da kowa ba abin dogara ba ne, jam'iyya kuwa ba ta iya yin wani aikin kirki sai mutanenta sun jure da juna. Amma mu lura da karin maganar da kyau. Hannun da ya ruɓe ba a yanke shi a yar, gaskiya ne, amma ba a kuwa ɓoye shi cikin riga a ce lafiya lau ya ke. A kan kai shi wurin mai magani, a wanke miki ko da zafi. Wanda ya ɓoye ruɓaɓɓen hannu domin kada maƙwabta su gani, a ƙarshe hannun da jikin duka zai rasa.

Wani kuma zai ce, "To, ashe ka na nufin laifin sassan biyu daidai ya ke ke nan?" A'a. Mudu ɗaya ba ya sa buhuna duka su zama daidai, sai dai ya nuna wanne ya fi wanne. Ga misali: Hillary Clinton ta faɗi zaɓe a 2016, ta yarda da faɗuwarta kashegari, amma a 2019 ta ce shugabancin Trump ba na halal ba ne. Wannan magana ba ta kyautu ba. Trump kuwa da ya faɗi a 2020 ya ƙi yarda sam, shi da magoya bayansa su ka kai ƙara fiye da 60 kotuna, ba su iya nuna maguɗin da zai juya zaɓen ba, duk da haka ya ci gaba da cewa an yi masa sata, har abin ya kai ga fasa majalisa. Wannan ya fi wancan nauyi nesa. Mai gaskiya zai faɗi duka biyu, ya faɗi kuma wanda ya fi nauyi. Mai cewa "duk ɗaya su ke" domin ya huta da awo, shi ma bai yi adalci ba. Amma mai cewa "tun da nasu ya fi, namu ba kome ba ne," ya koma ga ƙaramin mudu.

Me ya sa ya wajaba ɗan gida ya tsauta wa gidansa? Domin tsautawar bare ba ta shiga kunne. In ɗan Dimokurat ya ce ɗan Ripablikan ya yi ƙarya, sai a ce siyasa ce, a wuce. Amma in na ciki ya faɗa, ba yadda za a kauce. Saboda haka gaskiyar da ta fi tsada, ta fi kuma amfani, ita ce wadda mutum ya faɗa a kan nasa. Ga mutum uku da su ka yi haka.

Na fari, Brad Raffensperger, ɗan Ripablikan, shugaban al'amuran zaɓe na jihar Jojiya. Biden ya ci jihar da ratar ƙuri'a 11,779 kaɗai, bayan an ƙidaya har sau uku, sau ɗaya da hannu. A ranar 2 ga Janairu, 2021, Trump ya kira shi ta waya ya na so a samo masa ƙuri'un da za su rufe ratar. Mutumin nan ya riga ya faɗa a fili Trump ya zaɓa, amma ya ƙi, ya ce lissafin daidai ya ke. An yi wa shi da iyalinsa barazanar kisa, 'yan jam'iyyarsa da yawa su ka juya masa baya. Duk da haka mutanen Jojiya su ka sāke zaɓensa a 2022.

Na biyu, Medaria Arradondo, wanda shi ne shugaban 'yan sandan Miniyapolis a 2020. Sanarwar farko da 'yan sanda su ka bayar a kan mutuwar Floyd ta ce rashin lafiya ce ta same shi, ba ta ambaci gwiwa ba. Da ba domin wata yarinya mai shekara 17 ta ɗauki hoton abin da wayarta ba, da wataƙila maganar ta mutu a nan. Sananne ne kuwa 'yan sanda ba su cika ba da shaida a kan juna ba. Amma shugaban nan ya kori Chauvin daga aiki kashegari, a watan Afrilu, 2021, kuma ya tsaya gaban alƙali ya shaida cewa abin da ya yi ya saɓa wa ka'idar aikinsu. Aka ɗaure Chauvin shekara 22 da rabi. Shugaban bai ci amanar 'yan sanda ba. Ya nuna wa jama'a akwai bambanci tsakanin ɗan sanda da mai kisan kai, wannan kuwa shi ne rufin asirin kowane ɗan sanda nagari.

Na uku, Bernie Sanders, wanda ya nemi takarar shugabancin ƙasa a jam'iyyar Dimokurat. A watan Yuni, 2017, wani mutum ya buɗe wa 'yan majalisa na Ripablikan wuta a filin wasa, ya yi wa Steve Scalise mummunan rauni. Aka tarar mai harbin ya taɓa yi wa Sanders aikin neman ƙuri'a. A ran nan Sanders ya tashi cikin majalisa ya faɗi haka da bakinsa, ya la'anci aikin, bai nemi wata hujja ba.

Harsashi kuwa ba ya tambayar jam'iyya. An harbi Gabrielle Giffords ta Dimokurat a 2011. An harbi Trump a kunne a watan Yuli, 2024. An kashe Melissa Hortman, 'yar majalisar jihar Minesota ta Dimokurat, da mijinta a gidansu a watan Yuni, 2025. An kashe Charlie Kirk, mai goyon bayan Trump, a watan Satumba na shekaran nan ɗin. Kowane lokaci, tun ba a binne gawa ba, a kan ga mutane su na ɗokin sanin ko mai harbin na wane sashi ne, domin su san ko za su yi kuka ko za su yi shiru. Ya mai karatu, in mutum ya kai ga sai ya ji jam'iyyar mamaci kāna ya san ko zai ji tausayi, to, siyasa ta riga ta cinye wani abu a zuciyarsa wanda cin zaɓe ba zai mayar masa ba.

Mudu biyu ya na da wata ɓarna kuma, watau ya kan hana gyara. A watan Disamba, 2012, an harbe yara ƙanana 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook. A 2013 aka kawo doka a majalisar dattawa domin a ƙara bincike kan masu sayen bindiga, ta sami ƙuri'a 54, a na bukatar 60, ta faɗi. Sai bayan an kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Teksas a watan Mayu, 2022, inda jami'an tsaro 376 su ka taru amma su ka yi minti 77 ba su shiga ajin ba, sa'an nan waɗansu daga jam'iyyun biyu su ka zauna tare. Dokar da su ka yi a watan Yuni ta wuce da ƙuri'a 65 a kan 33. Ƙarama ce, ba ta gamsar da kowa ba, amma ba a yi irinta ba kusan shekara 30. Ba ta kuwa samu ba sai da kowane sashi ya yarda ya ɓata wa waɗansu nasa rai.

To, amsar tambayarmu ke nan. Mutum ya na iya ƙaunar jam'iyyarsa, ya yi mata aiki, ya jefa mata ƙuri'a, ya yi gardama dominta da dukan ƙarfinsa. Amma akwai abu uku da ba ta da ikon roƙonsa: ya yi ƙarya a kan lissafin ƙuri'a, ya nemi hujja ga zub da jini, ko ya rufa wa mai iko asiri sa'ad da ya zalunci marar ƙarfi. In ta roƙe shi ɗaya daga cikin waɗannan, ƙinsa shi ne amincinsa gare ta.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma masu jefa ƙuri'a ne, a kan benci ɗaya kuwa 'yan jam'iyya biyu su kan zauna ran Lahadi. Ga gwaji mai sauƙi wanda kowa zai iya. In labari ya zo maka cewa wane ya yi kaza, kafin ka buɗe baki, ka cire sunan ka sa na mutumin ɗayan sashin, ka tambayi kanka, "Da shi ne ya yi, me zan ce?" Abin da za ka ce a kan wancan, shi za ka faɗa a kan wannan. Za ka sha zargi wurin abokanka, gama gaskiya ɗaci gare ta. Amma ran da aka zalunce ka, ko aka sace taka ƙuri'a, za ka bukaci mutum ɗaya daga wancan sashi wanda zai tashi ya ce ba daidai ba ne. Irin mutumin nan fa ba ya samuwa a can sai in a na samunsa a nan wurinmu. Bari kowannenmu ya duba mudunsa tun kasuwa ba ta ci ba.