Kada Bizar Umara Ta Zama Tarkon Tsufa

Wata ɗabi'a tana yaɗuwa a tsakanin dattawanmu da suka ajiye aiki, kuma ya kamata a yi magana a kanta tun kafin ta cinye wasu gidajen. Mutum ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, an biya shi garatuti, sai ya ce ba abin da ya rage masa illa ya je ya ƙarasa rayuwarsa kusa da Harami. Niyyar mai kyau ce, babu musulmin da zai ƙi haka. Ɓarnar tana shigowa ne ta hannun ejan da 'yan kamasho, waɗanda suke ce wa tsoho: "Alhaji, ka shiga da bizar Umara kawai, in ka isa akwai mutumina da zai juya maka ita ta koma igama." Wannan magana ƙarya ce, kuma masu faɗinta sun san ƙarya suke yi.

Bizar Umara ta ibada ce, tana da wa'adi. Tun 2022 Saudiyya ta tsawaita zaman mai ita zuwa kwana 90, amma ba ta ba shi izinin zama ko aiki ba. Igama tana da ƙofofinta: ko ta hanyar aiki ƙarƙashin kafili, ko a matsayin iyalin wanda yake zaune bisa ƙa'ida, ko igama ta musamman da aka fito da ita a 2019, wadda aka sa wa ta dindindin riyal 800,000, ta shekara-shekara kuma riyal 100,000. Ɗan fansho nawa ne a Kano ko Zariya ko Damagaram yake da wannan kuɗi? Wanda ya ce zai samo maka ita da 'yan miliyoyin naira a bayan fage, kuɗinka yake so.

Ranar da wa'adin ya cika, dattijon da ya yi darakta ko shugaban makaranta a gida ya zama ɗan takari. An riga an ɗauki hoton yatsunsa a filin jirgi, hukumar shige da fice ta Jawazat tana da sunansa a kwamfuta, don haka batun ɓacewa cikin jama'a kamar yadda aka yi a zamanin kakanninmu ya wuce. Hukuncin wanda ya zarce wa'adin biza yana kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan a kore shi. Wanda ya ba shi masauki ma bai tsira ba. In askarawa suka kama shi a kewayen Makka ko Jidda, galibi tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, za a kai shi ya jira jirgi. Ku dubi mutum mai shekara 70, mai ciwon suga da hawan jini, a tsare cikin baƙin fuskoki yana jiran a tantance ko shi wane ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun lafiya. Tsoho marar takarda yana tsoron asibiti fiye da yadda yake tsoron ciwon. Ƙafa ta kumbura ya ce a shafa man zaitun, numfashi ya yi sama ya ce a bari zuwa safe, duk don kada a tambaye shi igama. Haka lokacin aikin Hajji: wanda ya laɓe tun Ramadan don ya yi Hajji ba tasrihi, wato izinin Hajji, ba shi da tanti mai sanyi a Mina, ba shi da motar jigila, tafiyar ƙasa zai yi cikin rana. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da mutuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji. Akwai mai cewa ai mutuwa a can rabo ne. Ajali na Allah ne, ba mu ja da wannan ba, amma jefa kai cikin halaka da gangan da karya alkawarin da mutum ya shiga ƙasa a kansa ba su cikin abin da addini ya koya mana.

Sai fasfo. Yawancin waɗannan dattawa, da sun sauka, ejan yake karɓe fasfonsu da sunan zai kai a buga. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Baba, Hajiya, fasfonku kada ya kwana a hannun kowa. Wanda nasa ya ɓata ko aka gudu da shi, ƙofar da zai ƙwanƙwasa ita ce ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda ko babban ofishin da ke Riyad, inda ake ba da takardar tafiya ta gaggawa, wadda za ta kai mutum gida kawai. Ko ita ma sai ka iya nuna cewa kai ɗan ƙasa ne. Shi ya sa hoton shafin fasfo da lambar NIN ya kamata su kasance a wayarka, kwafi kuma a hannun ɗanka a gida. Sabunta fasfon Najeriya yanzu sai da NIN, kuma in suna ko ranar haihuwa suka saɓa tsakanin takardun biyu, aikin zai tsaya. Mu kuwa mun san yadda takardun mutanenmu suke: Muhammadu a nan, Mamman a can, shekarar haihuwa an rage don aikin gwamnati. A gyara wannan a gida, ana da ƙarfi, ana da mai raka mutum ofis.

Fanshon da aka dogara da shi ma yana iya yankewa. 'Yan tsohon tsari da ke ƙarƙashin hukumar fansho ta PTAD ana buƙatar su riƙa tabbatar da cewa suna raye, ta hoton fuska ko yatsa a intanet, jihohi kuma kan kira tantancewa ido da ido. Wanda ya maƙale a wata ƙasa, layin wayarsa na gida ya mutu, katin bankinsa ya ƙare aiki, ba zai ji sanarwar ba, balle ya amsa. Sai a wayi gari kuɗi sun daina shiga, ga hayar ɗaki ana bin sa da riyal. Da yawa daga cikin tsofaffin da ake gani suna miƙa hannu a kan hanyar masallaci ba da bara suka fara ba.

'Ya'ya, ku ma da laifinku. Wasunku ku ne kuke biyan ejan, ku raka Baba filin jirgin Malam Aminu Kano, kun san tikitin dawowar ba za a yi amfani da shi ba, kuna ganin kun yi masa gata. Malamai masu wa'azi da shugabannin ƙungiyoyin 'yan fansho su faɗi wannan a fili a masallatai da tarukansu. Wanda yake marmarin Harami ya je Umara ta hannun kamfani mai lasisin hukumar alhazai ta NAHCON, ya rubuta ranar ƙarewar bizarsa a inda zai riƙa gani, ya fito kafin ta cika, in Allah ya hore baɗi ya koma. Wanda kuma ya riga ya zarce wa'adi, kada ya zauna jiran afuwa irin wadda aka yi a 2017, don ba wanda ya yi masa alkawarin za a sake. 'Ya'yansa su tuntuɓi ofishin jakadanci a wannan makon, su tambayi abin da ake bukata, su fara haɗa kuɗin tikiti.