Sirrin Mai Bashi Ajiya Ne

Tun da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya fara ratsa magudanan Kadawa, har noman rani ya kankama a ƙasar Kura da Bunkure, manomin tumatir da shinkafa bai rabu da rubutu ba, domin bashin taki da na iri ba su riƙuwa a ka. Shari'a kuwa ta yi umarni da rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kamar yadda ta hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurati.

To, ga mas'ala: wanda ya zuba sunayen waɗanda yake bi bashi a manhajar da ke kai su rumbun wani kamfani a Amurka, shin ya kiyaye amana? Malaman fiƙihu, a babin wadi'a, wato ajiya, sun ɗora lamuni a kan wanda ya miƙa ajiya ga wani ba da uzuri ba. Sirrin mai bashi kuwa ajiya ne. Saboda haka manhaja irin Joplin, wadda ke barin mutum ya kulle rubutunsa, ya adana shi a na'urar da ya mallaka, ta fi kusa da tsantseni. Wanda bai iya wannan ba, littafin takarda ya wadatar da shi.