Magidanci Mai Shekara 35 Yana Son Karatun Likita: Haƙƙin Wa Ke Gaba?



Wata tambaya tana yawan zuwa mini, kuma kusan kullum siffarta ɗaya ce. Mutum ne ya haura talatin, malamin makaranta ne ko ma'aikacin gwamnati, yana da mata da yara uku ko huɗu, tun yana yaro burinsa ya zama likita, Allah bai nufa ba a lokacin. Yanzu abin ya dawo masa, yana son ya ajiye aiki ya koma aji. Mutane kan ba shi amsa ɗaya daga cikin biyu: ko su ce jirgi ya riga ya wuce, ko su ce ai ilimi ba shi da tsufa, ya je kawai Allah zai rufa asiri. A ganina duka amsoshin nan an yi musu gaggawa.

Maganar shekaru ba ta da wahala. Imamul Bukhari ya ambata a Kitabul Ilmi cewa Sahabbai sun yi karatu da girmansu. Alƙaffal Almarwazi, babban malamin Shafi'iyya da ya rasu a 417 bayan Hijira, sana'ar kwaɗo yake yi, sai da ya kai kusan talatin ya fara fiƙihu. Shi kansa Abubakar Arrazi, wanda har Turawa suka daɗe suna karanta littattafansa na likitanci, masu tarihi sun ambata cewa bai shiga fannin ba sai da ya girma. To wanda ya ce maka ka tsufa, ba shi da hujja a addini.

Sai dai akwai abin da masu kawo waɗannan misalan ba sa faɗa. Karatun zaure yana barin mutum da sana'arsa: ka ɗauki darasi bayan asuba, ka buɗe shago da hantsi. Karatun likita ba ya yarda da kishiya. A lissafa tare. In ta JAMB za ka shiga, sai ka rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, kana gogayya da yaran da suka bar sakandare bara, sannan shekara shida cur. In kana da digiri a fannin da ya dace ka samu shiga ta DE, shekara biyar. Wannan in ba a yi yajin aiki ba, in kuma ba ka maimaita aji ba. A tsakiyar hanya akwai jarrabawar Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistiri, wadda take tankaɗe mutane da yawa. Daga nan sai kwana a asibitin koyarwa, ko na Malam Aminu Kano ne, ko Shika, ko na Sakkwato ko Maiduguri. In ka gama, akwai shekara guda ta horo kafin hukumar likitoci ta ba ka cikakkiyar rajista. Wato mai shekara 35 zai tsaya da ƙafarsa yana da 42 ko fiye. Yarinyarsa da take da shekara goma yau ta isa aure ko jami'a a lokacin.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa ban taɓa iya ce wa irin wannan mutumin ya haƙura kawai ba. Likitanci farillar kifaya ne. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505, ya koka a Ihya'u cewa garuruwan Musulmi da yawa ba su da likita Musulmi ko ɗaya, amma kowa ya yi rububin fiƙihu da jayayyar mazhabobi. Ya kuma faɗi dalilin da yake zargi: fiƙihu ne ke kai mutum ga alƙalanci da riƙon dukiyar waƙafi. Ni da na ƙare karatuna a ɓangaren Larabci da Shari'a, wannan maganar da mu take, kuma ba ta da daɗin ji. Ku duba halin da muke ciki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa a Najeriya suke. Duk wanda yake limanci ya san sau nawa ake kiransa sallar jana'izar mai jego. Farillar nan ba mu sauke ta ba, kuma idan ba a sauke farillar kifaya ba, laifin yana kan duk wanda yake da iko ya ƙi.

Amma ciyar da iyali farillar aini ce, kuma a wurin malamai idan biyun nan suka yi karo, ta aini ake gabatarwa. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya nuna cewa tozarta waɗanda mutum yake ciyarwa ya ishe shi zunubi. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, mace tana da damar kai ƙara a raba auren idan miji ya kasa ciyarwa. Don haka tambayata ta farko ga mai wannan niyya ita ce: wa zai biya kuɗin wannan burin naka? Ba kuɗin rajista nake nufi ba. Ina nufin buhun masara, kuɗin haya, maganin Baba na hawan jini, kuɗin makarantar yara na shekara bakwai. Sau da yawa amsar gaskiya ita ce matarsa ce za ta biya, da ɗinkinta da ƙosanta da 'yan kunnenta na gwal. Shi za a kira Dokta, ita ce ta yi karatun da jikinta.

Wannan ba haramun ba ne idan ta yarda. Mace tana iya yafe haƙƙinta, kuma ladanta yana wurin Allah. Amma yardar ta zama ta gaske. Ka zaunar da ita ka buɗe mata lissafin duka, har da yiwuwar a sallame ka a aji uku ka dawo ba aiki ba digiri. Irin "duk abin da ka gani, Maigida" da matanmu suke faɗa don kunya, wallahi ba ita ce yarda ba, kai ma ka sani. Su kuwa yara ƙanana, babu mai ikon yafe cinsu da suturarsu da karatunsu, ko uwarsu. Wanda yake da gona ko haya da ke kawo wani abu, ko ɗan'uwa da ya ɗauki nauyi a fili ba da baki kawai ba, ko ya samu hutun karatu da albashi, wannan ina ce masa bismillah, har in raka shi da addu'a. Wanda duk shirinsa shi ne "Allah zai kawo", ina tuna masa cewa wanda ya koya mana tawakkali (S.A.W) ya kasance yana ajiye wa iyalansa abincin shekara.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo wata hujja ta daban, kuma ta cancanci a amsa. Ya ce hukumar likitoci tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. To idan mai shekara 35 ya ɗauki gurbi, ya hana yaro mai 18 wanda zai yi wa al'umma aiki shekaru masu yawa fiye da shi. Ban yarda wannan zalunci ne ba. Babu wanda ya san tsawon ran wani, kuma gurbin ba gadon kowa ba ne. Wanda ya ci da maki, ya ci halal. Inda zaluncin yake shi ne babba ya yi amfani da abin da yaro ba shi da shi, wato sanayya, ya bi ta hannun tsohon abokin karatunsa ya tsallake wanda ya fi shi maki. Karatun da aka fara da cin haƙƙin ɗan talaka, kar a zo ana kiransa jihadi.

Haka nan wanda ya kafa wa iyalinsa hujja da farillar kifaya, suka sha wuya shekara bakwai, yana gamawa ya nufi Saudiyya ko Ingila. Ban ce fita neman halal haramun ce ba, kuma na san halin da likitocinmu ke aiki a ciki. Amma tun farko ya kira abin da sunansa, ya ce sana'a yake so ya canza. Akwai wata tambaya da nake yi don gwada niyya: da za a ce aikin jinya ko na lafiyar al'umma ne kaɗai ƙofar da ta buɗe, ba za a taɓa kiranka Dokta ba, za ka shiga? Wasu sukan yi shiru. Son suna ba ya fitar da mutum daga Musulunci, amma bai kai a sa yara su kwana da yunwa dominsa ba.

Wadda na fi ƙarfafa wa gwiwa ita ce mace. Matar aure mai shekara talatin da wani abu, wadda ta yi kimiyya a sakandare ko ta yi aikin jinya, autanta ya shiga makaranta. Ita ciyarwa ba ta kanta, don haka babbar matsalar da ke gaban namiji ba ta gabanta. Abin da take buƙata shi ne miji ya amince, a kuma samu mai kula da yara a daren da take asibiti. Mu ne muke tayar da jijiyar wuya a ɗakin haihuwa muna cewa sai likita mace, mu ne kuma idan matarmu ta kawo maganar fom ɗin JAMB sai mu ce wa zai dafa tuwo. Malam, likitar da kake so ta duba iyalinka, ita ma matar wani ce, kuma shi ya haƙura da tuwon nan shekara shida.

Wallahu a'alam.